CIWON DUBURA GA ƘANANAN YARA

Maganarmu ta yau game da wani ciwo ne wanda iyaye da yawa su kan ji nauyin faɗinsa, watau ciwon dubura da ɗuwawu ga yaron da ya fara tafiya, ɗan shekara 1 zuwa 3. Yaro kamar wannan bai iya bayani ba. Sai dai ku ga yana kai hannu baya yana susa, ko yana jan ɗuwawu a ƙasa, ko ya ƙi zama, ko ya ƙwala ihu in kashi ya zo masa. Da dare ba ya barci, uwa ma ba ta yi. Gari na wayewa sai shawara ta yi yawa. Kaka ta ce ɗankanoma ne, maƙwabciya ta ce basir ne, mai tallar magani a kasuwa ya ce yana da abin da zai kawar da shi rana ɗaya.

To, ku sani ciwon nan ba iri ɗaya ba ne. Abubuwa kamar shida su ke kawo shi, ko wane da alamarsa, ko wane da maganinsa. Yawancinsu masu sauƙi ne, su kan warke da tsabta da abinci da ɗan magani daga ɗakin shan magani. Amma akwai waɗanda ba su jira, in aka yi sakaci da su sai a rasa yaro. Domin haka ku kasa kunne, mu bi su ɗaya ɗaya.

KU DUBA TUKUNA

Kafin a nemi magani sai a duba. Ke uwa, ki wanke hannu da sabulu, ki kifa yaro bisa cinyarki inda akwai haske, ki buɗe ɗuwawunsa a hankali. Da ido kurum za ki duba. Kada ki sa yatsa ko wani abu ciki.

Sa'an nan ki riƙe amsar tambayoyi huɗu, gama su malamin asibiti zai yi miki. Yaushe yaron ya ke kuka, da dare ne, ko sa'ad da ya ke kashi, ko sa'ad da ya ke fitsari? Yaya kashinsa ya ke, mai tauri ne ko zawo, kuma yaushe rabonsa da yi? Akwai jini? Jikinsa da zafi? Uwar da ta zo da amsar waɗannan ta yi wa malami rabin aiki.

NA FARKO: TSUTSA MAI KAMA DA ZARE

In yaro yana wasansa lafiya da rana, dare na yi sai ya tashi da susa da kuka, to, galibi tsutsa ce. Ƙarama ce, fara, kamar guntun zaren ɗinki, tsawonta kamar santimita 1. Cikin babban hanji ta ke zaune. In yaro ya yi barci sai macen ta rarrafo ta fito bakin dubura, ta zuba ƙwai dubbai bisa fata. Motsinta da ruwan da ta ke manna ƙwan da shi, su ke kawo ƙaiƙayi. Ga 'ya mace ta kan ɓace hanya ta shiga gaba, ta sa ƙaiƙayi can ma.

Ƙwan nan ido ba ya ganinsa, sai da madubin likita. Yaro ya yi susa, ƙwai ya maƙale a farce, ya sa hannu a baki ya haɗiye. Bayan wata 1 ko 2 sabuwar tsutsa ta girma ta soma nata. Ƙwan da ya zuba bisa tabarma ko zane ya kan yi mako 2 ko 3 da ransa. Shi ya sa in ɗaya ya kamu a ɗaki, sauran yara da manya ba su tsira ba. Shan zaƙi ba ya kawo ta, dabbobin gida ma ba su kawo ta. Daga mutum zuwa mutum ta ke tafiya.

In kina so ki tabbata, ki bari yaro ya yi barci kamar awa 2 ko 3, ki haska dubura da tocila. Sau da yawa za ki gan ta tana motsi. Gwajin kashi bai cika nuna ta ba, saboda a waje ta ke zuba ƙwai.

Maganinta ƙwaya ce, mebendazol ko albendazol, a sha sau ɗaya, bayan mako 2 a sake sha. Dalilin maimaitawa kuwa, maganin tsutsar ya ke kashewa, ba ya kashe ƙwai. Duk mutanen ɗaki su sha rana ɗaya. Malamin asibiti shi zai faɗi adadin da ya dace da ko wane yaro, domin na ɗan ƙasa da shekara 2 dabam ne. Jaririn da bai kai shekara ba, da mace mai ƙaramin ciki, kada su sha sai an tambaya.

Magani ba ya isa sai da tsabta. A yanke wa yara farce. A yi wa yaro wanka da sassafe, a wanke dubura sosai, don a kawar da ƙwan da aka zuba cikin dare. A sa masa ɗan wando in zai kwanta, a sake wani da safe. A wanke zanen shimfiɗa a shanya a rana, kada a karkaɗe shi cikin ɗaki, gama ƙwan ya kan tashi da ƙura.

NA BIYU: TAURIN KASHI DA TSAGEWAR DUBURA

In kukan yaro sa'ad da ya ke kashi ne, yana yunƙuri, kashin ya fito da tauri kamar na akuya ko kuwa ƙato, wani lokaci da ɗan layin jan jini a jikinsa, to, wannan taurin kashi ne. Kashi mai tauri ya kan tsaga fatar bakin dubura, 'yar tsaga ƙarama kamar faso, amma zafinta ya fi girmanta.

Ga inda abin ya ke rikicewa. Yaro ya ji zafi sau ɗaya, sai ya tsorata. Gobe in kashi ya zo sai ya matse, ya miƙe tsaye bisa yatsun ƙafa, ya harɗe ƙafafu, ko ya laɓe bayan ƙofa. Uwa ta ɗauka yunƙuri ya ke yi, alhali riƙewa ya ke yi. Kashin da ya daɗe a ciki kuwa, hanji ya kan tsotse ruwansa, ya daɗa tauri. Ran da ya fito sai ya sake buɗe tsagar. Haka za a yi ta yi har watanni, in ba a tausasa kashin ba.

Abin ya fi zuwa lokacin yaye, sa'ad da aka cire nono aka koma ga tuwo da burodi da biskit da taliya, da kuma lokacin zafi in yaro ba ya shan ruwa isasshe, da lokacin da a ke koya masa zama bisa fo.

Ga abin yi. A riƙa ba shi ruwa mai tsabta a kai a kai, kada a jira sai ya roƙa. A ba shi gwanda, da mangwaro, da lemo, da kankana, ko wane ya samu a lokacinsa. A sa masa miyar kuɓewa, da ta kuka, da alayyafo, da zogale, da kabewa, da wake dafaffe lugub. Kunun gero wanda ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi wanda aka tace fes. A zaunar da shi cikin baho da ruwa mai ɗumi, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, minti 10, sau 2 ko 3 a rana. A shafa basilin ko man kaɗanya mai tsabta a bakin dubura daga waje. Bayan cin abinci a sa shi tsuguno minti 5 kurum, ko ya yi ko bai yi ba a ɗauke shi. Kada a doke shi, kada a yi masa tsawa, domin tsoro shi ne rabin ciwon.

In an yi haka mako guda babu sauƙi, ku zo. Akwai magani na ruwa mai tausasa kashi, irin su laktulos, wanda ya dace da yara. A kan daɗe ana ba da shi, har sai tsagar ta warke yaro ya manta da tsoro, saboda haka kada a daina don an ga sauƙin kwana biyu. Yaron da tun haihuwa ba ya kashi sai da wuya, cikinsa kullum a kumbure, ba ya ƙiba, wannan sai likitan babban asibiti ya gan shi.

NA UKU: JAN ƊUWAWU DA SAƁAR FATA

Fatar yaro ba ta da ƙwari. In kashi da fitsari suka daɗe bisanta sai ta yi ja, ta saɓe, ta riƙa zafi kamar ƙuna. Zawo shi ya fi kawo wannan, sai kuma ƙunzugu, ko na tsumma ko famfas, wanda a ke bari jikin yaro tun safe har azahar don tsimi. Sabulun wanki mai ƙarfi da ba a ɗauraye shi daga tsumma ba, shi ma yana ci.

Maganinsa ruwa da iska da mai. Da zarar ya yi kashi a wanke da ruwa zalla, a tsane da tsumma mai laushi, ba gogewa ba. A bar shi ba wando wani lokaci bisa tabarma mai tsabta, ya sha iska. Sa'an nan a shafa basilin, ko man kaɗanya, ko farin man zink na ɗakin magani, da kauri, don ya shiga tsakanin fata da kashi. A bar zuba hoda, gama ta kan dunƙule cikin lungun fata, yaro kuma ya kan shaƙe ta.

In bayan kwana 3 babu sauƙi, ko jan ya yi jawur ya shiga matsematsi, da 'yan ƙuraje warwatse a gefensa, to, wata cuta ce dangin makero ta hau kai, kuma tana da nata man shafawa dabam. In kuwa jan ya kewaye dubura kamar zobe, iyakarsa a fili, yana zafi ƙwarai, wannan ƙwayar cuta ce irin wadda ta kan kawo ciwon maƙogwaro, sai an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki. Malami ne zai bambance su. Kada ku sayi man da manya su ke shafawa don ƙuraje ko don hasken fata ku shafa wa yaro. Da yawa cikinsu su kan ɓoye jan kwana biyu, su cinye fatar, cutar ta dawo ta fi da.

NA HUƊU: FITAR BAYA

Wannan shi ya fi tsoratar da iyaye. Yaro ya tsuguna ya yi yunƙuri, sai a ga jan nama ya leƙo daga dubura. Naman nan ƙarshen hanji ne ya zamo waje. Ya fi samun 'yan shekara 1 zuwa 4, domin naman da ke riƙe da hanjinsu bai yi ƙarfi ba tukuna. Abubuwan da su ke tura shi su ne zawo mai daɗewa, da atini, da taurin kashi, da tari mai tsanani irin tarin shiƙa, da wata tsutsar ciki mai kama da bulala, da kuma tamowa, wadda ta kan cinye kitsen da ya tallafi wurin.

Sau da yawa ya kan koma da kansa in yaro ya tashi. In bai koma ba, kada a firgita. Ki wanke hannu, ki kifa yaro bisa cinyarki, ki sami tsumma mai tsabta ki jiƙa da ruwa mai ɗumi, ko ki shafa masa basilin, ki danna naman a hankali, ba da ƙarfi ba, har ya shige. Ki haɗa ɗuwawun ki riƙe ɗan lokaci. Sa'an nan ki kawo shi ɗakin shan magani a ranar, ko da ya koma, domin a nemo abin da ya tura shi. In ya ƙi komawa, ko ya kumbura, ko launinsa ya soma baƙi, ko jini yana zuba, sai a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a tafi asibiti nan da nan.

Abin farin ciki, in aka yi maganin zawo da tsutsa, aka gyara abinci, aka daina barin yaro ya daɗe a tsugune, yawancin yara su kan rabu da shi in sun girma kaɗan, ba tare da an yi musu aiki ba.

NA BIYAR: MARURU DA CIWON ALLURA

In akwai kumburi wuri ɗaya a ɗuwawu ko gefen dubura, mai zafi, mai tauri, yaro ba ya yarda a taɓa, to, maruru ne ko ƙurji mai tara mugunya. A riƙa gasa shi da tsumma mai ɗumi, kada a matse, kada a huda da allura ko reza. Wanda ya ke dab da dubura, ko wanda ya zo da zazzaɓi, sai malami ya gani, gama ya kan yi zurfi.

Da yawa daga cikin irin wannan kumburi allura ce ta kawo shi, wadda aka yi a shagon magani ko a gida, hannun wanda bai koya ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Wata babbar jijiya ta bi ta cikin ɗuwawu ta sauka har ƙafa. Ɗuwawun ƙaramin yaro ba shi da nama, in allura ta sami jijiyar nan sai ƙafa ta mutu, yaro ya riƙa janta, wani har iyakar ransa. Shi ya sa a wurin rigakafi ku ke ganin ana yi wa jarirai a cinya. Ku bar roƙon allura. Yawancin ciwon yara maganin sha ya ishe su.

Duk yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ko an yi masa allura ko ba a yi ba, a kawo shi a faɗa wa malami. A shekarar 2020 aka ba da shaida cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka, amma har yanzu ana sa ido, ana kuma ci gaba da rigakafi.

NA SHIDA: CIWON FITSARI

Wani lokaci yaro baya ya ke nunawa, alhali ciwon a gaba ya ke. In yana kuka sa'ad da ya ke fitsari, ko yana yi kaɗan kaɗan a kai a kai, ko fitsarin yana wari, ko yana zazzaɓi kuma gwajin cizon sauro bai nuna kome ba, to, a gwada fitsarinsa. 'Ya'ya mata sun fi kamuwa, domin hanyar fitsarinsu gajera ce, kuma tana kusa da dubura. In za a yi wa yarinya tsarki, a wanke daga gaba zuwa baya. Ciwon fitsarin da aka ƙyale ya kan hau har ƙoda.

MAGANAR ƊANKANOMA DA BASIR

Yanzu kun ga abin da a ke kira da suna ɗaya a gida, cututtuka ne da yawa. In yaro yana zawo da zazzaɓi, kaka ta buɗe ta ga dubura ta yi ja, ta ce ɗankanoma ne, idonta ya ga gaskiya, jan yana nan. Amma zawon ne ya kawo jan. Abin da ya ke kashe yaro a wannan hali shi ne ƙarewar ruwan jiki, ko zazzaɓin cizon sauro da ba a yi maganinsa ba. In aka tsaya ana fama da dubura kwana 3, ruwan jiki kuwa yana tafiya, sai a zo asibiti a makare.

Basir irin na manya kuwa da wuya ya kama ƙaramin yaro. Abin da a ke ce wa basir ga yara, galibi tsagewar dubura ce ko fitar baya.

Saboda haka yaron da ke zawo a soma ba shi ruwan gishiri da sukari, wanda a ke kira ORS, tun kashi na farko. A haɗa shi yadda aka rubuta jikin takardar. In babu shi kusa, a sami ruwa tafasasshe da ya huce lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Bayan ko wane zawo, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha rubu'i zuwa rabin kofi, wanda ya wuce nan ya sha rabi zuwa kofi guda, da cokali, kaɗan kaɗan. Wanda ya yi kwana ɗaya a zubar a haɗa sabo. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara a haɗa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata 6. Tana rage kwanakin zawo, tana kuma tsare yaro daga wani na 'yan watanni. Nono da abinci kuwa kada a tsayar.

ABUBUWAN DA BA A YI

Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kada a cusa wa yaro kome a dubura: ko barkono, ko citta, ko kanwa, ko garin taba, ko guntun sabulu, ko garin sassaƙe. Cikin dubura ya fi cikin baki laushi. Waɗannan su kan ƙone shi, su bar gyambo, wani ya warke da tabo mai tsuke hanya. Kada a ɗura masa ruwan magani ta baya, gama kan abin ɗurawa ya kan huda hanji, ruwan kuma ya kan shiga jini ya zama guba. Kada a kai shi a yi masa tsaga ko a yanke naman da ya fito, domin hanji ne, kuma aska marar tsabta tana kawo zubar jini da sarƙewar haƙora. Kada a zaunar da shi bisa ruwan zafi ko hayaƙi. Kada a fasa kafso a ba shi, ko ƙwayar tsayar da zawo ta manya, ko asfirin, ko maganin basir na kwalba wanda ba a san abin da ke ciki ba. In zafi ya dame shi, farasitamol na yara ya isa, gwargwadon nauyinsa, yadda malami ya faɗa.

ALAMUN DA BA SU JIRA

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko da tsakar dare ne, a nemi abin hawa:

1. Yaro ya ƙwala ihu ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake, yana amai, daga baya ya yi kashi kamar majina gauraye da jini. Wannan hanji ne ya shige cikin hanji, kamar hannun riga in ya naɗe ciki. Ya fi samun 'yan ƙasa da shekara 2, kuma sai asibitin da a ke yin aiki.
2. Amai kore, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ba kashi ba tusa.
3. Zawo da jini, ko jini mai yawa, ko baƙin kashi kamar kwalta.
4. Ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, ko yaro ya kasa sha.
5. Zazzaɓi mai zafi, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashe shi.
6. Naman da ya fito ya ƙi komawa.
7. Kumburin ƙafafu da fuska, ko rama mai yawa.

WATA MAGANA MAI NAUYI

Akwai abu guda wanda tilas mu faɗa, ko da ya ke ba shi da daɗin ji. In kun ga rauni, ko ɓarkewa, ko jini, ko wani ruwa a dubura ko gaban yaro, babu taurin kashi babu faɗuwa, kuma yaro ya soma tsoron wani mutum ko wani ɗaki, kada ku rufe don gudun abin kunya. Mai yiwuwa wani ne ya cuce shi. Kada ku yi masa faɗa, ba laifinsa ba ne. Ku kai shi asibiti a ranar, tun ba a yi masa wanka ba, tare da tufafin da ke jikinsa. Akwai maganin tsare shi daga cuta mai karya garkuwar jiki, wanda sai an soma shi cikin kwana 3 ya ke aiki. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe wani yaro zai taɓa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Yawancin abin da muka lissafa, ta hannu da baki ya ke shiga. Ke uwa, ki wanke hannu da sabulu bayan kin yi wa yaro tsarki, da kafin ki taɓa abinci. In sabulu ya yanke, toka ta fi babu. Ki wanke hannun yaro kafin ya ci. Kashin yaro a kwashe a zuba a masai, a rufe, gama yana ɗauke da cuta kamar na babba, ƙuda kuwa ba ya tambayar na wane ne. Ruwan sha a tafasa ko a sa masa magani, a rufe randa, a ajiye moɗa guda ta ɗiba.

Jariri nono zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci, a ci gaba da nono har shekara 2. In za a yaye, a yi sannu a hankali, kuma in za a kai shi wurin kaka a gaya mata irin abincin da ya saba da shi. A kammala rigakafi duka. Tun shekarar 2022 aka ƙara na zawon rota cikin rigakafin jarirai a Nijeriya, ɗigo ne a baki, a mako 6 da 10 da 14. Daga wata 6 kuma a riƙa karɓar bitamin A, daga shekara 1 a haɗa da maganin tsutsa, sa'ad da ma'aikatan lafiya su ke rabawa.

Kai kuma maigida, aikin nan har da kai. Kai za ka haƙa masai ka yi masa murfi. Kai za ka shigo da sabulu da gwanda da lemo ran kasuwa. Ka ba uwar ɗaki izini tun yau, cewa ko ba ka nan, in ta ga alama daga cikin bakwai ɗin nan, ta ɗauki yaro ta tafi, kada ta jira ka dawo daga gona ko daga ci-rani. Ka ajiye mata ɗan kuɗin mota wuri sananne.

In kun zo ɗakin shan magani, ku zo da katin yaro da duk maganin da aka riga aka ba shi, har na gargajiya. Ku faɗi abin da aka yi masa a gida ba ɓoyewa, ba wanda zai kama ku da laifi, sanin haka ne zai sa malami ya san inda zai soma. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabta takardar nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya. Sai wani mako.